Cinikin Laƙabi A Karar Iware: Wa Za A Kai Ƙara Idan Ba A San Suna Ba?

JALINGO — Karar shanu ta Iware, cikin Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, tana cikin manyan wuraren da ake lodin dabbobi daga Jihar Taraba zuwa kudancin ƙasar nan. Kamar sauran kasuwannin dabbobi na Arewa, galibin cinikinta da baki ake ƙulla shi, amana ce takardarsa. Falke zai ɗebi shanu bashi a hannun dillali, ya ce sai ya dawo daga Anaca ko Fatakwal, alhali abin da aka sani game da shi bai wuce laƙabinsa da garin da ya ce ya fito ba. Idan ya dawo, lafiya lau. Idan bai dawo ba, sai mai shanu ya tarar da cewa kotu ba ta fara da tambayar yawan kuɗi, da tambayar suna take farawa.

Ƙa'idar shari'a a Nijeriya ita ce, ba a ƙara sai a kan wanda doka ta san da zamansa, wato ko dai mutum mai rai, ko kamfani ko ƙungiya mai rajista, ko hukumar da doka ta kafa. A shekarar 1961 Bankin Agbonmagbe, wanda daga baya ya zama Bankin Wema, ya kai ƙarar "Babban Manajan" kamfanin G.B. Ollivant, sai kotu ta ce muƙami ba mutum ba ne, ta cire sunan. A 1989 kuma, a shari'ar marigayi Cif Gani Fawehinmi da Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, Kotun Ƙoli ta ce ƙungiyar lauyoyin kanta, a matsayinta na wancan lokaci, ba a iya ƙararta da sunanta. Wannan darasi ne ga ƙungiyoyin dillalai da na direbobi: wadda ba ta yi rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni ba, sai dai a yi ƙara da sunayen wasu 'ya'yanta a madadin saura.

Dalilin ƙa'idar a fili yake. Sammaci hannu ake miƙa wa, domin wanda ake ƙara ya zo ya kare kansa, hukunci kuma a kan dukiyar wani takamaimai ake zartar da shi. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan yanki ke amfani da shi tsakanin Musulmi, ya tanadi yadda za a yi hukunci a kan wanda ba ya nan, amma wanda ba ya nan daban, wanda ba a san ko wane ne ba daban.

Duk da haka akwai ƙofa, ko da yake ƙarama ce. Dokokin gudanar da ƙara na Babbar Kotun Legas na 2004 sun yarda, a rikicin fili, mai ƙara ya rubuta "wanda ba a sani ba" a gurbin suna, sa'an nan a manna takardar kotu a jikin filin. Wannan yana yiwuwa ne saboda wanda ya mamaye fili yana nan a kansa, zai ga takardar. Mai fili a Taraba ya kamata ya nemi lauyansa ya duba abin da dokokin babbar kotun jihar suka tanada kafin ya bi wannan hanya.

Inda ƙofar ta tsaya, wata shari'a ta Ingila ta nuna. A 2013 wata mota ta buge motar wata mata a birnin Lids, direban ya tsere. An sami lambar motar, an san mai ita da kamfanin inshorarta, amma ba a gano wanda ke tuƙi ba. Matar ta nemi ta yi ƙarar "direban da ba a sani ba". A watan Fabrairun 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙi, ta raba mutanen da ba a san sunansu ba gida biyu: wanda ana iya nuna shi ko a isar masa da takarda, da wanda ya ɓace ba a bar wata hanyar kai wa gare shi ba. Na farko ana ƙararsa, na biyu ba a yi. Hukuncin ba ya ɗaure kotunanmu, sai dai alƙalanmu kan duba irinsa. Duk wanda tirelar shanunsa ta taɓa gamuwa da direban da ya buge ya gudu, zai gane inda maganar ta dosa.

Falken da ya gudu da bashi yana iya faɗawa ko wane gida daga cikin biyun, kuma abin da aka rubuta ranar ciniki ne zai raba gardama. Kuskuren suna, kamar a rubuta Umaru maimakon Ummaru, kotu kan yarda a gyara muddin ba a ruɗe game da wanda ake nufi ba. Wanda yake kasuwanci da wani suna da ba nasa ba, dokokin kotuna da dama sun yarda a yi ƙararsa da wannan sunan. Abin da ba shi gyaruwa shi ne rashin mutumin ɗungurungum.

Magabata ba su bar wannan giɓi a buɗe ba. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Badun, ya bayyana yadda mai masauki yake tsaya wa bashin da mahauta suka ci a kan shanun baƙonsa, har ya biya daga aljihunsa idan an ƙi biya. Wato a tsohon tsari kullum akwai mai suna da gida wanda za a riƙe. A ganinmu, la'adar da dillali ke karɓa a Iware ya kamata ta haɗa da wannan aiki: cikakken sunan mai saye, lambar katin ɗan ƙasa, lambar tirela da sunan direba, da kuma sunan wanda ya tsaya masa, a littafin da shugabannin kara za su ajiye. Inda aka biya wani kaso ta banki, takardar biyan ma shaida ce, domin kotu na iya umartar banki ya bayyana mai asusun.