Haƙƙin sanin inda bayanan mutum ke tafiya

Bayanan mutum, a idon doka, su ne duk abin da za a iya gane shi da shi: suna, lambar waya, hoto, zanen yatsa, lambar takardar ɗan ƙasa, har da wurin da yake. A Yamai kullum ana karɓar irinsu. Mai sayen layin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms sai ya nuna takardar shaida kafin a yi masa rajista. Mai aika kuɗi ta Nita ko Amana yakan tsaya gaban kanta ya faɗi sunansa da lambarsa, da sunan mai karɓa da garinsu, ma'aikaci na shigar da su cikin kwamfuta. Gabanin zaɓen 2020 hukumar zaɓe ta CENI ta ɗauki hotuna da zanen yatsun masu jefa ƙuri'a. Wasu bayanan kuma ko tambaya ba a yi: wayar da ke kunne tana haɗe da eriyar da ke kusa, don haka kamfani ya san yankin da mai ita yake, da lambar da ya kira, da tsawon kiran.

Nijar ta kafa dokar kare waɗannan bayanai a watan Mayu na 2017, sannan doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbinta. Hukumar HAPDP, wadda ta fara aiki a 2020, ita ke sa ido kan aiki da ita. Tushen abin ya faro tun daga dokar da ƙungiyar CEDEAO ta amince da ita a 2010, da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta 2014.

Ginshiƙin dokar shi ne sanarwa. Duk mai karɓar bayanai, banki ne ko asibiti ko ƙungiyar agaji, wajibi ne ya gaya wa mutum ko shi wane ne, me zai yi da su, da kuma wa zai miƙa wa. Abin da aka karɓa don buɗe asusu ba a juya shi zuwa talla ba da yardar mai shi ba. Mutum na da ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara kuskure, ko ya ƙi a yi amfani da shi idan yana da hujja. Bayanan lafiya, addini, ƙabila da ra'ayin siyasa kuwa an fi tsaurara musu tsaro, domin fitarsu na iya zubar da mutunci ko ta jawo wariya.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda sanarwar ke isa ga jama'a. Galibi rubutu ne mai tsawo da Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, alhali manya da yawa a ƙasar ba su karanta boko. Dattijuwar da ta sayi waya a Babbar Kasuwa takan miƙa ta ga yaron shago ya saka mata WhatsApp. Shi ke danna amincewa, shi ke buɗe wa manhajar lambobin ƴan uwanta da hotunanta, ita ko kalma ɗaya ba a karanta mata ba. Haka wanda aka yi wa rajistar layi da takardar wani: duk abin da aka aikata da layin, mai takardar za a nema. Yardar da aka bayar cikin rashin sani ba ta cika manufar doka ba, ko da an sa hannu.

Tun da kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, uzurin barin sanarwa cikin Faransanci kaɗai ya ragu ƙwarai. Ana iya yin ta da baki a gaban kanta, ko ta saƙon murya da Hausa da Zabarmanci, ko ta gidajen rediyo. Wanda kuma aka ƙi nuna wa bayanansa, ko aka yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba, yana iya kai ƙara gaban HAPDP, wadda ke da ikon bincike, da gargaɗi, da cin tara.