Maganin da ke daskarewa idan ya ji zafin jiki: ko zai jure bazarar Madawa?

Duk mai sayar da man shanu a kasuwar Madawa ta san da rana ta take sai ya narke. To, masana harhaɗa magunguna sun samo wani sinadari mai suna Poloxamer 407 da ke yin akasin haka: cikin sanyi ruwa ne tsululu, amma da ya ji ɗumi sai ya yi kauri kamar kamu. Da shi ake ƙoƙarin haɗa maganin ciwon dajin dubura.

Dabarar ita ce a zuba maganin daji, irin su 5-FU da aka ƙirƙiro tun 1957, cikin wannan ruwa, a tura shi ta dubura. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, don haka da shigarsa sai ya daskare ya manne a wurin, yana sakin magani kaɗan-kaɗan a kan ƙarin. Ba ya zubowa, ba ya kuma haurawa can cikin hanji. Fatan masana shi ne a rage amai da galabaitar da allurar jijiya ke jawowa, tunda ita tana zagaye jiki duka.

A 2020 Amurka ta amince da irin wannan haɗi mai suna Jelmyto, amma na dajin hanyar fitsari ne. Na dubura har yanzu yana matakin gwaji, saboda haka duk wanda ya zo da shi rumfarki ranar kasuwa, ƙarya yake.

Sai dai akwai matsalar da ta shafe mu kai tsaye. A watan Afrilu zafin Madawa da Buza da Keita yakan wuce digiri 40, wato ya fi na jikin mutum. Ke nan maganin zai daskare tun yana cikin kwalba, kafin ya kai ga majiyyaci. Masana kan gauraya shi da Poloxamer 188 don kada ya yi saurin kauri, amma dole ne ya kama ƙasa da digiri 37, in ba haka ba ba shi da amfani. Abin da sauƙi, idan ya huce yakan koma ruwa. Sai dai asibitocin ƙauye nawa ne ke da firij mai aiki kullum?

Kafin nan, 'yar'uwa, ga abin da ke hannunki. Ba kowane jini a bayan gida ne basir ba. Idan ya ɗauki makonni, ga rama, ga canjin yadda ake fita bayan gida, a bar jiƙe-jiƙen 'yan tasha, a je asibitin gunduma ko na Tawa a duba. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, kimanin kilomita 500 daga Madawa, kuma tun 2021 take gashin daji da na'ura. Tafiyar tana cin jari, amma wanda aka gano nasa da wuri sau da yawa tiyata kan raba shi da ƙarin.