Ruwan Sama Daga Rufin Makaranta

Ya mai karatu, ko kai malami ne, ko mai unguwa, ko uban yara, ka dubi rufin kwanon makarantarku ran da aka yi ruwa. Ruwan nan da ke kwarara yana zaizaye gindin bango, shi ne yara za su bar karatu su tafi nema da bokiti a watan Maris.

Ga lissafinsa. A ce tsawon ginin ƙafa 60 ne, faɗinsa ƙafa 20. In an yi ruwa inci ɗaya, abin da ya sauka bisa rufin ya kai galan 620, watau garwa 155, kowace garwa galan 4. A ƙasar Kano akan sami inci 30 ko fiye a damina mai kyau, galibinsa tsakanin Yuni da Satumba. Ko ka fid da kashi ɗaya cikin biyar domin fantsama da yoyo, saura wajen galan 15,000.

To, rufi ya ba da nasa, sauran aiki na tanki ne. Yara 100, kowa rabin galan a yini, galan 50 ke nan. Kwana 20 na karatu a wata, galan 1,000. Ashe tankin galan 5,000 zai kai su wata biyar, in ba a yi ɓarna ba. Saboda haka sa wa famfon kwado, mabuɗi a hannun malami ɗaya. Muddin rijiya na da ruwa, a bar tanki a rufe, gama ajiyar bazara ce.

Kada ka tari ruwan fari. Duk rani ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru suna kan kwano. Kawar da bakin bututu gefe har rufin ya wanku, sa'an nan ka mayar. Share indararo tun hadari bai fara haɗuwa ba. Sa raga mai ƙananan idanu a mashigar ruwa da mafitarsa, murfi kuma ya zauna daram. Tanki buɗe gidan sauro ne, hatsari ne kuma ga ƙananan yara. Ruwan rufin ciyawa yakan yi launi da ɗanɗano, sai dai a ba shuka.

Waɗansu za su ce, ai ga kududdufi kusa. Gaskiya ne an tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013, amma tsargiya tana nan cikin ruwan kwance, yaro kuwa bai iya ganin ruwa bai shiga ba.

A watan Agusta tanki zai cika ya tumbatsa. Ja wa rarar hanya nesa da bango zuwa lambun makaranta, ka haƙa ramuka a gindin zogale da mangwaro, ka zuba taki, ka rufe da ciyawa domin ƙasa ta riƙe laima.