Tsirrai Masu Shimfiɗa: Tabarmar da Ke Kare Ƙasa

Duk mazaunin birnin Sakkwato ya san guguwar da kan riga ruwan farko isowa a watan Mayu ko Yuni. Ƙurar da take kwasa ita ce ƙasar sama, wadda ta fi kowace taki a gona. Abin da iska ta rage kuma, ruwa ya wanke shi zuwa gulbin Rima.

Ɗaya daga cikin hanyoyin magance wannan zaizaya ita ce rufe ƙasa da tsirrai masu shimfiɗa, waɗanda kan shekara da shekaru ba su mutu ba. Irin wannan tsiro yakan miƙa reshe a bisa ƙasa, kowace gaɓa ta saki saiwa, sabon tsiro ya fito. Saiwoyin su riƙe ƙasa, ganyen ya karya ƙarfin ɗigon ruwa, inuwarsa kuma ta hana laima saurin ƙafewa.

A ƙasashe masu sanyi akan yi amfani da dangin furen wardi, wato dangin su tuffa. Cikinsu akwai sitiroberi, wanda ake nomawa a tsaunukan Jos, masu tudun kimanin mita 1,200. Sai dai a Sakkwato zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ruwan shekara kuwa bai cika kai milimita 800 ba. Saboda haka wannan dangi ba zai jure ba.

To, amma muna da namu na gida. Na farko shi ne kiri-kiri, ciyawar da dabbobi ke ci, mai jure taku da fari, ko da yake idan ta shiga gona fitar da ita aiki ne. Na biyu shi ne duman kada, ɗan'uwan dankali, mai fure kamar bakin kakaki, wanda ke ɗaure rairayi a bakin fadama. Illarsa ita ce ganyensa kan jawo wa tumaki da awaki karkarwa, musamman da rani in abinci ya yi ƙaranci. Don haka bai dace da hanyar kiwo ba.

Malami zai iya gwada wannan da ɗalibansa. A sami wurare biyu masu gangare ɗaya, guda fili, guda mai kiri-kiri. A zuba wa kowanne ruwa gwangwani guda, a tari abin da ya gangaro a kwalba. Launin ruwan zai nuna wurin da ya fi asarar ƙasa.