Ajiya Ba Ɗauri Ba Ce: Zaman Jiran Shari'a Daga Hanwa Zuwa Ƙofar Doka

A Hanwa, idan aka ce an kai wane Ƙofar Doka, ba a ƙara tambaya. Kowa ya san gidan yarin Zariya ake nufi, kuma kafin la'asar labari ya zaga majalisu cewa an ɗaure shi. Sau da yawa kuwa babu wanda ya ɗaure shi. Alƙali bai saurari shaida ko ɗaya ba, balle ya yanke hukunci. Ajiyarsa kawai kotu ta bayar.

Ajiya ita ce kotu ta damƙa wanda ake zargi a hannun gidan gyaran hali, ko wata hukumar tsaro, zuwa ranar da za a dawo da shi gabanta. Ana yin haka don kada ya gudu, ko ya tsorata shaidu, ko don ba a gama bincike ba. A idon doka mutumin nan ba mai laifi ba ne, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki kowa a matsayin mara laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Amma gandirobobin da ke tsaron fursunoni su ne ke tsaronsa, kuma uwarsa tana bin layin ziyara da kular tuwo a hannu daidai da uwar wanda aka yanke wa shekara goma.

Wanda ya taɓa zama a bencin kotun majistare, ta Chediya ko ta Ƙofar Fada, ya san abin ba ya ɗaukar lokaci. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya karanta takardar tuhuma. Idan zargin fashi da makami ne ko kisan kai, majistare zai ce kotunsa ba ta da hurumi, don haka ba za a ma tambayi wanda ake zargi ya amsa ko ya musa ba. Sai a umurci a tsare shi, a tura kundin bincike ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, a sa rana. 'Yan uwa su fito suna tambayar juna me alƙali ya ce.

Daga nan ne zaman ke tsawo. Majistare ba zai iya yin shari'ar ba, babbar kotu da ke Dogarawa kuma ba a kai mata ƙarar ba tukuna. Mutum ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko, ana ta ɗage zama ana jiran takarda.

Tsarin mulki bai yi shiru ba. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kuma idan wata biyu suka wuce yana tsare ba a yi masa shari'a ba a sake shi, ko da bisa sharaɗi. Sai dai wannan sashen da kansa ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan kariya. A 2007, a shari'ar Lufadeju da Johnson, Kotun Ƙoli ta amince majistare na iya ba da ajiyar mutum ko da ba shi da hurumin yi masa shari'a. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ce ta zo ta sa wa abin linzami: kwana 14 a karon farko, a ƙara 14 idan an kawo dalili, bayan haka dole hukuma ta zo ta yi bayanin abin da zai hana a saki mutumin. Jihar Kaduna ta yi irin tata dokar a 2017. Duk da haka alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen jiran shari'a suke. Wannan abin kunya ne ga ƙasa, kuma talakan da ba shi da lauya ne ya fi ɗanɗana shi. Sikiru Alade, wanda wata kotun majistare a Legas ta ba da ajiyarsa a 2003, sai a 2012 kotun ECOWAS ta ce tsarewar haramtacciya ce, a sake shi.

Zazzagawa ba sa buƙatar zuwa Legas neman misali. Rikicin Disamban 2015 tsakanin sojoji da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky ya fara ne a titin Sakkwato, wanda ya bi ta Hanwa ya nufi Samaru, aka kuma kama malamin da matarsa Zeenah a gidansu na Gyallesu. Fiye da shekara biyu suna hannun jami'an tsaron farin kaya ba a tuhume su gaban kotu ba, kuma wannan ba ajiyar kotu ba ce. Ranar 2 ga Disamba, 2016, Mai Shari'a Gabriel Kolawole na babbar kotun tarayya a Abuja ya ce a sake su cikin kwana 45, a biya kowannensu diyyar naira miliyan 25. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ba ta sake su ba. A 2018 aka gurfanar da su a babbar kotun Kaduna, a Disamban 2019 Mai Shari'a Gideon Kurada ya ce a mayar da su gidan gyaran hali na Kaduna. Ranar 28 ga Yuli, 2021, shi dai wannan alƙali ya ce masu ƙara ba su kawo abin da zai sa a nemi su kare kansu ba, ya sallame su. Ko mutum na ƙaunar Zakzaky ko yana adawa da shi, lissafin ɗaya ne: shekara biyar da wata bakwai a tsare, ba tare da wata kotu ta same su da laifi ba. Wannan fa mutum ne mai manyan lauyoyi irin su Femi Falana, kuma duniya na kallo.

Ɗaukaka ƙara ma tana da irin tata ajiyar, wadda jama'a ba su cika fahimta ba. Kotun sama na iya tabbatar da hukunci, tana iya soke shi ta wanke mutum, kamar yadda kotun ɗaukaka ƙara ta Legas ta wanke Manjo Hamza Al-Mustapha a Yulin 2013, bayan yana tsare tun 1998. Tana kuma iya soke hukuncin ta mayar da shari'ar ƙasa a sake ta daga farko, idan ta ga an kauce wa ƙa'ida. Haka babbar kotun Kano ta yi a Janairun 2021 a shari'ar Yahaya Sharif-Aminu, saboda an yanke masa hukunci ba shi da lauya, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta goyi bayan hakan a Agustan 2022. Iyalai kan ji an soke hukunci su fara shirin tarbar ɗansu, alhali ya tashi ne daga sahun waɗanda aka yanke wa hukunci ya koma sahun masu jira. Ƙofar ɗaukaka ƙarar kuma tana da wa'adi: kwana 30 daga kotun majistare, kwana 90 daga babbar kotu.

Abin da ya fi amfanar iyalin da ɗansu ke Ƙofar Doka shi ne su riƙe ranar da aka ba da ajiyarsa, da sunan kotun, da lambar ƙarar, su rubuta su adana. Da waɗannan ne lauya zai nemi beli a babbar kotu, wadda ke da ikon da majistare ba shi da shi. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana da hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta, da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976. Babban jojin jiha ma yakan zaga gidajen gyaran hali ya duba waɗanda zamansu ya wuce kima, har ya saki wasu nan take, kuma waɗanda aka iya gano kundinsu su ne aka fi saurin dubawa.