Furotin ɗin Cikin Ƙwayar Infuluwenza da Yaɗuwar Gwajin Gaggawa

Ƙwayar bairos da ke haddasa infuluwenza, wato murar nan mai tsanani da ke zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, tana da furotin iri biyu a bayan ɓawonta, himagulutinin da nuraminides, waɗanda daga gare su ake samun sunaye irin su H1N1 da H5N1, sannan a cikinta akwai wasu da ke riƙe da tsarin jikinta. Mafi muhimmanci a cikinsu ga masu gwaji shi ne nukiliyofurotin, wanda ake taƙaitawa da NP, wanda ke nannaɗe gutsattsarin gado guda 8 na ƙwayar. Akasarin kayan gwajin gaggawa da ake kaiwa asibitoci da gonakin kaji sun karkata ga neman wannan furotin na ciki, maimakon na waje da garkuwar jikin ɗan Adam ta fi kai wa hari.

Dalili na farko yana cikin halin ƙwayar kanta. Himagulutinin yana sauya kamanni kusan kowace shekara, abin da ke tilasta wa Hukumar Lafiya ta Duniya sake duba haɗin allurar rigakafi sau biyu a shekara, alhali NP ba ya sauyawa sai kaɗan, kuma ƙwayoyin jikin da suka kamu suna samar da shi da yawa. Da bambancin furotin na ciki ne ma aka raba infuluwenza zuwa nau'in A da B tun farko. Dalili na biyu shi ne fasahar da Georges Köhler da César Milstein suka ɓullo da ita a Kembirij ta Ingila a 1975, wadda ta kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1984. Antibodi shi ne sinadarin da garkuwar jiki ke ƙerawa domin ya manne wa wani baƙon abu takamaimai, kuma abin da suka cimma shi ne haɗe ƙwayoyin saifar ɓera da ƙwayoyin sankara marasa daina hayayyafa, ta yadda za a riƙa samun antibodi iri ɗaya tak, mai manne wa wuri ɗaya tak, ba tare da ƙarewa ba. Da irinsa ake shafe siririyar takardar gwaji, wadda ke fitar da layi mai launi cikin kimanin minti 15 idan majinar da aka lakato daga hanci tana ɗauke da NP.

Amfanin wannan sauri ba ƙarami ba ne, domin maganin oseltamivir ya fi tasiri idan an fara shi cikin sa'o'i 48 da bayyanar alamu, kuma likitan da ya tabbatar bairos ne ke damun majiyyaci yana da hujjar ƙin rubuta masa maganin ƙwayoyin bakteriya da ba zai amfane shi ba. Sai dai gwajin yana buƙatar furotin mai yawa kafin layin ya fito. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsofaffin kayan na gano kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari ne kawai na masu cutar, raunin da annobar H1N1 ta 2009 ta fallasa, har hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta tsaurara ƙa'idojin amincewa da su a 2017. Ma'ana, sakamakon da ya ce babu cuta bai isa a sallami majiyyaci da shi ba, musamman a lokacin da murar ke yaɗuwa.

Naƙasu mafi zurfi kuwa ya fito ne daga ainihin abin da ya sa aka zaɓi NP. Tun da yake kusan iri ɗaya ne a dukkan ƙwayoyin nau'in A, gwajin ba ya iya bambance murar da aka saba da ita daga H5N1 mai kisa. Lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a farkon 2006, karo na farko da aka tabbatar da H5N1 a kajin Afirka, sai da aka aika samfuri zuwa Padoba ta Italiya kafin a tabbatar da nau'in, kuma ba a daɗe ba aka same ta a Magaria ta Nijar. Takardar gwaji na iya ankarar da likitan dabbobi a bakin kejin kaji, amma hukuncin hallaka garke da biyan diyya yana jiran gwajin PCR, wanda ke karanta gadon ƙwayar kai tsaye, a cibiyoyi irin ta binciken lafiyar dabbobi da ke Vom.