Buga Sitikar Adireshi Daga Rumbun Bayanai: Yadda Aikin Yake a Moursal ta N'Djamena

Sitikar adireshi 'yar ƙaramar takarda ce mai gam a baya, wadda ake buga sunan mutum da adireshinsa a kanta, a ɓare ta a manna a kan ambulan ko ƙunshin kaya. Amfaninta yana fitowa fili ne idan wasiƙu suka yi yawa: makaranta za ta aika wa iyayen yara sakamakon jarrabawa, ƙungiya za ta kira mambobinta taron shekara, jarida za ta kai wa masu biyan kuɗin shekara kwafinsu, ko iyali za su raba katin ɗaurin aure. Rubuta ɗaruruwan sunaye da hannu yana cin lokaci, kuma idan hannu ya gaji kuskure yakan shigo. Idan kuwa sunayen suna ajiye a rumbun bayanai na intanet, kwamfuta za ta jero su a kan takardun sitika, firinta ta buga su cikin 'yan mintoci.

Dabarar ta daɗe. A shekarun 1890 wani Ba'amurke, Joseph Duncan, ya ƙera injin Addressograph, wanda daga baya ya riƙa buga adireshi daga 'yan farantan ƙarfe, kowane mutum da farantinsa. A 1935 Stanton Avery ya fito da takarda mai gam a jikinta a birnin Los Angeles, har yau kuma sunan kamfaninsa ne a kan ma'aunan da yawancin masu yin sitika suke bi. Da ƙananan kwamfutoci suka bazu a shekarun 1980, sai manhajojin rubutu suka fara haɗa wasiƙa ɗaya da jerin sunaye masu yawa. Abin da intanet ta ƙara shi ne wurin ajiya: jerin sunayen yana zaune a wuri guda, sakatare da shugaba da ma'aji suna iya duba shi, kowa daga wayarsa.

Adireshi iri biyu

Moursal unguwa ce a gunduma ta shida daga cikin gundumomi goma na N'Djamena, babban birnin Chadi. Tana kusa da Paris-Congo da Chagoua, kuma ba ta da nisa da kasuwar Dembé. Unguwa ce mai cike da jama'a, da makarantu da majami'u da masallatai da ofisoshin ƙungiyoyi, ga kuma shagunan buga takardu da ake kira secrétariat public, inda mai buƙata yake biya a rubuta masa takarda, a buga, a yi masa kwafi. A irin waɗannan shaguna ne akasarin aikin sitika yake ƙarewa, domin ba kowace ƙungiya ke da firinta tata ba.

Kafin a taɓa kwamfuta, wajibi ne a san yadda saƙo yake isa hannun mutum a wannan birni. Aikin gidan waya a Chadi yana hannun Société Tchadienne des Postes et de l'Épargne, wato STPE, kuma wasiƙa takan tsaya ne a akwatin gidan waya, wanda ake rubutawa B.P. a bi shi da lamba, mai akwati ya je ya ɗauka. Chadi ba ta amfani da lambar yanki irin wadda Najeriya take da ita mai alƙaluma shida, kamar 700001 ta Kano, ko ta Nijar mai alƙaluma huɗu. Saboda haka adireshin gidan waya a N'Djamena gajere ne: suna, lambar akwati, gari, ƙasa.

Amma yawancin katunan gayyata da takardun kiran taro ba sa bi ta gidan waya. Hannu da hannu ake raba su, ko a ba ɗan kilando, wato mai babur na haya, ko a kai su tashar motocin da ke zuwa Moundou, Sarh da Abéché. Tituna da yawa a birnin suna da lambobi, ƙofofi ma haka, kuma unguwanni sun kasu zuwa rukunan gidaje da ake kira carré, kowanne da lambarsa da shugabansa. Duk da haka kwatance ne abin da mutane suka fi dogara da shi: bayan makaranta kaza, daura da kantin magani, layi na biyu daga bakin kwalta. Mai kai saƙo kuma idan ya iso unguwa, waya yake bugawa.

Wannan ya sa rumbun da aka tsara domin Faris ko Landan ba ya wadatar da mai aiki a Moursal. Kowane mutum yana buƙatar adireshi biyu a rumbu: na gidan waya, da na kai wa hannu. Wanda ya cusa su a gurbi ɗaya zai fitar da sitikar da ma'aikacin gidan waya zai ruɗe da ita, ɗan kilando ma ya rasa inda zai dosa.

Tsara rumbun

Rumbun bayanai jadawali ne: kowane layi mutum ɗaya, kowane gurbi bayani ɗaya. Yana iya zama Google Contacts, ko Outlook, ko jadawalin Google Sheets, ko manhajar da aka yi musamman domin ƙungiyoyi. Ko wanne aka zaɓa, ƙa'idar ita ce a raba bayanai filla-filla. Laƙabin girmamawa, kamar Alhaji, Hajiya, Malam, Fasto, Dokta, Monsieur ko Madame, a ba shi gurbinsa. Suna da sunan mahaifi kowanne da nasa. Sai ma'aikata ko ƙungiya, lambar akwati, unguwa, gunduma, lambar titi da ta ƙofa, kwatance, gari, ƙasa, da lambar waya. Haɗa gurabe a lokacin bugu abu ne mai sauƙi, amma raba abin da aka cakuɗa tun farko aiki ne na hannu, layi bayan layi.

Rubutun sunaye shi ne wurin da aka fi tuntuɓe. A yankin da Faransanci da Larabci da Hausa da Ingilishi suke cuɗanya, mutum ɗaya yana iya shiga rumbu sau uku: Mahamat, Mohamed, Muhammadu. Haka Oumar da Umar, Ousmane da Usman, Haoua da Hauwa. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin N'Djamena, Kousseri, Maiduguri da Kano yakan rubuta sunansa yadda ya dace da inda yake. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba, sai ta buga masa sitika uku. Maganin shi ne a jera rumbun bisa lambar waya, domin lamba ba ta canza rubutu. Duk layukan da suka yi tarayya a lamba ɗaya sai a duba su. Lambobin Chadi alƙaluma takwas ne, ana sa +235 a gabansu, kuma ya kamata a rubuta su duka da salo ɗaya. Rubutun da za a bari kuwa shi ne wanda mai sunan yake amfani da shi, don mutane suna jin zafin a ɓata musu suna a kan katin gayyata.

Yana da kyau a kasa mutane rukuni-rukuni tun a cikin rumbu: iyayen yara, mambobi, manyan baƙi, na cikin gari, na waje. Da haka ranar bugu za a ɗauko rukunin da ake so kaɗai.

Fito da jerin sunaye

Manhajar buga sitika tana karanta fayil ne, don haka sai an sauko da jerin daga intanet. Fayil ɗin da aka fi amfani da shi shi ne CSV, rubutu zalla wanda alama take raba gurbi da gurbi. Wannan matakin kaɗai ne yake buƙatar intanet. Da zarar fayil ya sauka, sauran aikin ana yin sa ko layi ya ɗauke.

Matsaloli uku ne suke jiran mai aiki a nan. Ta farko, fayil ɗin Google yana raba gurabe da waƙafi, alhali Excel na Faransanci, wanda shi ne a galibin kwamfutocin N'Djamena, waƙafi mai ruwa yake nema. Idan aka buɗe fayil kai tsaye, sai bayanan mutum duka su cunkushe a gurbi ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce a shigo da fayil ɗin ta sashen bayanai, a gaya wa manhaja alamar da aka yi amfani da ita. Ta biyu, haruffa masu alama, irin é da è na Faransanci da ɓ, ɗ, ƙ na Hausa da baƙaƙen Larabci, suna rikiɗewa su zama tarkace idan ba a zaɓi tsarin UTF-8 ba. Ta uku, Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadi na lissafi, ya share alamar tarawa ko sifirin farko; sai a sa gurbin ya zama na rubutu.

Kafin a ci gaba, a jera sunayen yadda rabo zai yi sauƙi. Na gidan waya a bi gari-gari, na hannu a bi unguwa-unguwa, ta yadda ambulan na Chagoua za su fito tare, na Dembé tare, a miƙa wa kowane mai kai saƙo ƙunshinsa.

Haɗawa da bugawa

A Microsoft Word na Faransanci sashen aikin sunansa Publipostage. LibreOffice Writer, wadda kyauta ce, ita ma tana yin sa. Ana zaɓar sitika, a nuna kamfani da lambar takardar da aka saya, a haɗa da fayil ɗin sunaye, sannan a jera gurabe a sitika ta farko yadda ake so su fito. Daga nan sai a umarci manhaja ta kwafi tsarin zuwa sauran sitikun shafin, a duba samfuri, a kammala haɗawa. Wanda ya tsallake matakin kwafi zai ga sitika ɗaya tak a shafi, wanda kuma ya buga samfuri bai kammala haɗawa ba, shafin farko kaɗai zai samu.

Ga yadda adireshin gidan waya yake tsayuwa:

Malam Wane ɗan Wane
Ƙungiyar Kaza
B.P. 0000
N'DJAMENA
TCHAD

Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a Bern a 1874, ta tsara cewa wasiƙar da za ta ƙetare iyaka a rubuta adireshinta da haruffan boko, sunan ƙasa ya zo a layin ƙarshe da manyan baƙaƙe. Mai son ƙara Larabci yana iya yi, amma kada ya cire na bokon. Sitikar kai wa hannu kuwa unguwa da kwatance da lambar waya take ɗauka.

Takardar sitika a Chadi girman A4 ce, milimita 210 a 297. Samfurin Avery mai lamba L7160 yana da sitika 21 a shafi, kowace milimita 63.5 a 38.1, kuma ya ishi adireshin akwati. Sunaye 300 za su ci shafi 15. Samfurin L7163 yana da 14 masu faɗin milimita 99.1, shi ya fi dacewa da kwatance mai tsawo. Manhajar da aka saita a kan takardar Amurka, wadda ta gaza A4 tsawo da milimita 18, za ta sa rubutu ya riƙa zamewa daga sitika zuwa sitika. Saboda haka a tabbatar girman takarda A4 ne, ma'aunin bugu kuma ɗari bisa ɗari. A fara gwadawa a farar takarda, a ɗora ta a kan shafin sitika, a ɗaga su a haske a ga ko sun dace. Inda ba a samu takardar sitika ba, ana bugawa a farar takarda a yanka da almakashi a sa gam.

Yanayin N'Djamena ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, gam ya yi laushi, don haka a ajiye takardun a inuwa cikin ledarsu, a shimfiɗe. Ƙurar hunturu tana hana sitika kamawa, sai a goge ambulan kafin manni. Da damina kuma tawadar ruwa tana zuba da ɗigo ɗaya, shi ya sa firinta mai garin tawada ta fi. Sai dai ita wannan da zafi take aiki, kuma shafin da aka riga aka ɓare wasu sitikunsa bai kamata ya koma cikinta ba, domin sauran suna iya ɓallewa su manne a ciki. Tun da wutar lantarki tana ɗaukewa, gara a adana aikin a matsayin PDF, a buga shafi kaɗan-kaɗan, in wuta ta dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

Amanar bayanan mutane

Rumbun adireshi amana ne: yana ɗauke da sunayen mutane, lambobinsu da hanyar gidajensu. Chadi tana da doka mai lamba 007/PR/2015 kan kare bayanan mutum, hukumar ANSICE ce ke sa ido a kanta. Najeriya ma ta yi tata dokar a 2023. Wanda ya ba da lambarsa domin taron iyayen yara bai ba da ita domin tallan haja ko kamfen ɗin siyasa ba. Mai zuwa shagon bugu ya tafi da PDF na sitikun kawai, ya bar rumbun a inda yake. In ya zama dole ya shiga asusunsa a kwamfutar shago, ya fita daga ciki kafin ya tashi, ya goge fayil ɗin da ya sauke, ya tafi da shafukan da suka lalace. Kalmar sirri kuma a canza ta duk lokacin da sakatare ya sauka.

Rumbu yana tsufa, domin masu haya suna tashi, akwatin da ba a biya kuɗinsa ba ana rufe shi, mutane suna canza layi, wasu kuma Allah ya yi musu rasuwa. Duk ambulan da ya dawo, a gyara layinsa a rumbun intanet a ranar, kada a tsaya ga gyara fayil ɗin da aka sauke, in ba haka ba kuskuren zai sake fitowa a bugu na gaba. Ya kamata kowace makaranta da ƙungiya ta ɗora wa mutum ɗaya alhakin rumbunta, ta kuma tantance shi aƙalla sau ɗaya a shekara, domin firinta abin da aka ba ta take bugawa, daidai ne ko kuskure.